Duwatsun Almu a Gonar Tamu

Jandutsi, bayan an gama ɗaurin gero

Zuwa ga Ni'ima jikar Halimatu, malamar gona a ƙasar Daura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da wancan mutum da ya ƙwace min ke, Muhsin yake ko wa. Mu nan lahiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke ba ni labarin hadari tun bai taso ba. Ni ne Almu, mijinki na fari, wanda kika manta. Malam Hafizu mai makarantar allo ke rubuta min, na kuwa ce mashi abin da na faɗi shi zai sa, kada ya yi min gyara.

Kada ki ce don mi ban kira ki ga waya ba. Wayar ta ɗana Mas'ud ce, in ana magana tsaye yake bisa kaina, alhali maganarshi za ni yi. Zaharaddeen mai motar albasa ta Aliero ya ce yana bi ta wajenku, shi zai kawo miki wagga takarda.

Da fari ina da ƙorafi. Sallah biyu ba ki zo ba. Ba daga ƙasa kika ɗauka ba, kakarki Halimatu ɗiyar ƙanen babana, Allah ya jiƙanta, ita ma ta ari ƙwaryata ta awo shekarar da anka yi fari, har ta koma ga Allah ba ta maido ba. Na yafe mata, amma ban manta ba.

To ga maganar. Kin san gonata ta gangare, wadda babana ya sassabe da hannunshi. Kwazazzabo ya shigo ta daga ƙasa. Da ɗan rami ne da akuya ke tsallakewa, bana na shiga ciki ya kai min ƙirji. Ruwan yanzu ba irin wanda munka sani ba ne. Da sai ya yini yana zuba sannu sannu, ƙasa na sha. Yanzu sai a yi ta jira har gero ya fara naɗe ganye, sannan ya zo gaba ɗaya kamar an kifar da randa, ya kwashe taki da ƙasa ya yi gulbi da su.

Mas'ud ya ce ya gaji da zuba taki yana ciyar da kifi. Akwai wani mai tifa daga Jega da ke son gonar, wai yashin da ke cikin kwazazzabon na da kyau ga bulo. Mas'ud ya ce mu sayar tun ana kiran ta gona. Shi ke noman yanzu, shi ke ci da gidan, ban iya ce mashi ya yi shiru kamar da. Munka yi ta ja har munka tsaya ga magana ɗaya gaban Malam Hafizu. Akwai aduwa tsakiyar gonar. In kwazazzabo ya kai gindinta damina mai zuwa, na yarda a sayar. In bai kai ba, ba mai sake ta da zancen. Abin da ya rage tsakaninsu bai kai jifar tsoho ba.

Ruwan kuwa daga gonar Tamu yake sauko min, maƙwabcina na sama. Kin san ba mu magana. Tun ba a haife ki ba na kira gayya, ya zo ya ci tuwona har da man shanu, ya bar kunyarshi rabi ya tahi, wai ana neman shi gida. Daga ranar ban sake kiran gayya ba, ban sake zuwa ta kowa ba. Malam Hafizu ya ce wanga ba shi da amfani cikin takarda. Na ce ya sa.

An ce aikinki ke nan, koya wa mutane gyaran ƙasa. Kina can kina gyara ta Daurawa, ta mijinki na tahiya gulbi. Ki gaya min abin yi, amma kada ki ce in sayi wani abu.

Naki, Almu.

*

Daura, farkon sanyi

Zuwa ga Kaka Almu, angona na Jandutsi.

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin albasa. Na karanta ina dariya ina share hawaye, ban sani ba ko na albasar ne ko na kewar gida. Muna lafiya. Muhsin ya amsa gaisuwa, ya ce ba zai saki matarka ba sai ka zo da kanka. Allah ya ba gwiwa sauƙi, a riƙa shafa mata man kaɗe da ɗan ɗumi. Ƙwaryar kuwa tana ɗakin Inna, ka daina kai ƙarar Kaka Halimatu, za a maido.

Abin da ka gani game da ruwa gaskiya ne, kuma ba Jandutsi kaɗai ba ne. Manoman nan ma kukan da suke yi ke nan. Zafi ya ƙaru, ruwa na zuwa da ƙarfi cikin ɗan lokaci, sai kuma ya ɗauke ya daɗe. Ba mu da iko da abin da ke saukowa, amma muna iya shirya ƙasar da za ta karɓe shi.

Ba sai ka sayi komai ba. Duwatsun nan da kuke tsincewa kuna zubarwa a bakin gona, su za a yi aiki da su. Ana jera su a gicciye, layi bayan layi, tsayinsu kamar taƙi ɗaya. Ba hana ruwa wucewa suke yi ba, gudunsa suke ragewa, sai ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, shi kuma ya samu ya nitse. In ruwa ya sauka a dasa gamba a jikin layin. Sannan in an zo sassabe kada a ƙone tohon sabara da kalgo da gawo. A kowane kututture a bar masu ƙarfi biyu ko uku su girma, saiwarsu na riƙe ƙasa, ganyensu taki ne.

Ga wani tiyo mai haske na ba Zaharaddeen. A cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunansa a jikin sanduna masu tsawo ɗaya. Inda ruwan ya tsaya daidai a sandunan biyu, wuraren ba wanda ya fi wani tudu, nan layi zai bi. Mutum ɗaya ba ya yin wannan aiki, Kaka. Mutum biyu na ce.

Kada kuma ka fara daga bakin kwazazzabo. A can ruwa ya riga ya yi ƙarfi, watsar da duwatsun zai yi. Daga sama ake farawa, inda yake tasowa. Wato aikin nan daga gonar Baba Tamu zai fara. Na san abin da na faɗa, kai ma ka san abin da ya kamata ka yi.

Ba zan samu hutu ba sai bayan damina. A gaida Baba Mas'ud, a ce masa ya yi haƙuri da tsohon nan. A gaida Malam Hafizu da hannu.

Amaryarka, Ni'ima.

*

Jandutsi, tsakiyar rani

Zuwa ga Ni'ima.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lahiya. Ni lahiyata ƙalau, man kaɗe ya yi amfani, amma ba don shi na rubuto ba. Kin jefa ni cikin magana.

Kin ce in fara daga gonar Tamu. Na fara. Rani ne, ba mai leƙa gona, ni da jakina munka yi ta jidar duwatsu kullum da safe har rana ta yi zafi. Tiyonki ya yi min amfani ƙwarai, da shi na ɗaure mangala don igiyata ta tsinke. Awon kuwa da ido na yi, ni ba ni da mutum na biyu. Na ja layi tun daga gindin kalgon Tamu har bakin hanyar shanu. Ko wanda ba ya ƙaunata in ya gani zai ce an yi aiki.

Ranar da Tamu ya kai taki gona ya ishe shi. Ke kin daɗe cikin boko, ƙila kin manta, nan garin in anka ga duwatsu jere cikin gona abu ɗaya ake karantawa, iyaka. Bai ko sauke takin ba ya juyo. Bayan la'asar ya tare ni ƙofar masallaci gaban jama'a.

Ya ce, "Almu, kai ne ka ci min gona?"

Na ce, "Ashe kana da baki."

Ya ce, "Duwatsun wa ke cikin gonata?"

Na ce, "Nawa ne, kuma ba don ado na jera su ba."

Malam Hafizu ya ce wagga amsa ita ta ɓata komi, don kowa ya ɗauka na amsa laifi. Ya ce mi ya hana in yi bayani. Na ce bayani gaban Tamu da roƙo duk ɗaya ne gare ni.

Yanzu gari ya ɗauka wai Almu ya ga kwazazzabo ya ci mashi ƙasa, ya hau sama zai rama da gonar maƙwabci. Ni da ban taɓa ɗaukar ko karan wani ba. Tamu ya kai ƙara wajen mai gari, an ce mu zo bayan ya dawo daga tahiya. Mas'ud ranar bai ci tuwo ba don kunya. Ya ce, "Baba, gonar da za a sayar ka jawo mata shari'a." Na ce wa ya ce mashi za a sayar, aduwa na nan tsaye. Mai tifa kuwa ya sake zuwa, har da tsarabar lemo. Ban sha ba.

Malam Hafizu ya sake karanta min takardarki. Shi wai nufinki in tahi in yi wa Tamu magana tukuna. Na ce yarinyar ta yi karatu, da haka take nufi da haka ta rubuta. Ke za ki raba mu. Ki aiko da amsa maza, ki gaya min abin da za ni faɗi gaban mai gari.

Wani abu kuma. Tamu ya tsufa. Haƙoranshi na gaba duk sun zube, ban sani ba sai da ya buɗe baki zai zage ni. Tare anka yi muna kaciya da shi.

Almu.

*

Jandutsi, bazara

Zuwa ga Ni'ima, in tana raye.

Assalamu alaikum. Muna lahiya, ko da ba a tambaya ba. Zafi ya yi yawa, kaji sai buɗe baki suke. Duk motar da ta tsaya bakin hanya sai na aika a duba, ba takarda. Ko Muhsin ya hana ki, ko kin ga kin tura tsoho rami kin ji kunya. Haka 'yan boko suke, su ba ka shawara daga inuwa, in ta ɓaci ka neme su ka rasa.

Tunda ba ki tambaya ba bari in gaya miki. Mun je gaban mai gari. Na ce jikata malamar gona ta ce duwatsu na rage gudun ruwa. Anka yi dariya, wani ya ce to a jera su bakin gulbi mu huta da kwalekwale. Mai gari ya ce iyaka na nan inda kakanni sunka bar ta, ba ta matsa ba, a kwashe duwatsu magana ta ƙare.

Sai Tamu ya miƙe ya ce shi fa ya riga ya rantse ƙafar Almu ba ta sake taka gonarshi.

Mai gari ya ce, "To kai ka kwashe."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni in yi wa Almu dako? Wanda ya kawo shi ke kwashewa."

Anka juyo gare ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni a shirye nike, jakina na ƙofa. Amma mutum ya rantse, ba ni zama sanadin da Musulmi zai yi kaffara."

Mas'ud ya ce shi zai kwashe. Tamu ya ce ɗan Almu ai Almu ne. Mai gari ya dafe kai, sannan ya ce mu tashi mu ba shi wuri, akwai masu maganar aure na jira. Duwatsu na nan inda na aje su. Shi ba ya kwashewa, ni ba ni shiga.

Na yi sassabe kamar yadda kika ce, na bar tohon sabara da kalgo, har da 'yan gawo da na gani. Masu wucewa na cewa Almu ƙarfi ya ƙare, ko share gona ba ya iyawa. Na ji su, na kuma san sunayensu.

Gwiwata ta fara magana, gabas na yin duhu da marece. Jiya na tahi na zauna gindin aduwa. Nan babana ke aje goran ruwa, nan ya fara ba ni hauya. Ban yi wa kowa wagga magana ba sai ke, sai Malam Hafizu da ke rubutawa. In ba ki da amsa ki ce ba ki da ita, ya fi min shirun nan.

Almu.

*

Daura, ranar da takardarka ta iso

Zuwa ga Kaka Almu.

Wa'alaikumus salam. Ina raye, angona, kuma ban gudu ba. Muna lafiya, Allah ya sa kai ma haka. Ranar da takardarka ta rani ta zo, a ranar na ba da amsa. Ashe daga nan Fatakwal aka tura Zaharaddeen da albasa, motar ta lalace a can, takardar na ƙarƙashin kujera har ɓera ya yi rabonsa. Yau ya zo yana ba ni haƙuri. Na ce ba ni zai ba ba, ya shirya abin da zai faɗa a Jandutsi.

Malam Hafizu ya fi ka gaskiya, magana nake nufi ka je ka yi. Amma laifin nawa ne, na manta da wa nake zance. Labarin gaban mai gari kuwa na karanta wa Muhsin, sai da ya sauko daga kujera don dariya. Kada kowa ya taɓa duwatsun nan. Ku ci gaba da taurin kanku har ruwa ya sauka.

Yanzu ka saurara, wannan karon a fili zan faɗa. Kwazazzabo sama yake hawa. Ruwa na faɗawa cikin bakinsa, yana cin ƙarƙashi, gaɓar na ruftawa, haka yake matsowa kowace damina. In ya wuce aduwa ba tsayawa zai yi ba, gonar Baba Tamu zai shiga. In kuma aka sayar masu tifa suka fara haƙa, abin da zai yi shekaru kafin ya kai can, nan da nan zai kai. Ka tashi da ƙafarka, ka je wurin Baba Tamu, ka gaya masa wannan da bakinka. Na san ba ka son kai masa labari mai daɗi. Wannan ba mai daɗi ba ne, sai ka tafi hankalinka kwance.

Layi ɗaya ba zai ceci aduwa ba. Ana son layuka da yawa daga sama har ƙasa, sannan cikin kwazazzabon kansa a gina 'yan katangu na dutse a gicciye, a kafa turaku a danna ƙirare, tsakiyar kowace katanga ta fi gefenta ƙasa don ruwa ya bi ta nan. Bakinsa kuma a kwantar da shi a shimfiɗa duwatsu. Wannan ba aikin tsoho da jaki ba ne. Ka san sunan aikin da ke tara hannuwa, ba zan faɗa ba kada ka yaga takardar.

A kwance tiyona daga jikin mangala.

Maganar gindin aduwa ta tsaya a wurina.

Taka, Ni'ima.

*

Jandutsi, bayan noman firi

Zuwa ga amaryata Ni'ima.

Assalamu alaikum. Na huce. Ina fatan kina lahiya, ki gaida Muhsin, ki ce mashi ya riƙa zama tabarma tunda kujera ba ta riƙe shi. Mu nan lahiya, shuka ta yi kyau. Zaharaddeen ya zo ya durƙusa, na bar shi nan har ƙafarshi ta yi tsami sannan na ce ya tashi.

Ruwan fari ya zo da haukanshi. Da safe na tahi na tsaya bisa iyaka, ban shiga ba. Can gefen hanyar shanu layina ya fashe, ashe wajen ya fi gangara, idona ya cuce ni. Wanga ki bar shi tsakaninmu. Amma sauran ya riƙe. Bayan duwatsun ƙasa baƙa ta taru, da takin Tamu da da yanzu yana cikin gulbi. Da ruwa ya ɗauke kwanaki, geron ko'ina ya naɗe, na jikin layin shar da shi.

Rannan na hango Tamu durƙushe wajen yana tona ƙasar da yatsa. Na ɗaga murya daga iyaka na ce, "Na zo karɓar duwatsuna."

Bai ko waiwayo ba ya ce, "Waɗanne duwatsu?"

Na ce, "Waɗanda ka kai ni ƙara a kansu."

Ya ce, "Abin da ke cikin gonata nawa ne. Tahi ka tambayi mai gari."

Na ce, "To riƙe su, ka more su kwana biyu. Kwazazzabona na gaishe ka, ya ce in ya gama da ni gare ka zai kwana." Na zayyana mashi duk abin da kika ce, har da na masu tifa, ban rage mashi komi ba. Rabon da in ji daɗin magana haka na manta.

Ya miƙe tsaye. Sai ya tako ya shigo gonata, don shi rantsuwarshi ƙafata ta hana, ba tashi ba. Munka gangara tare. Ramin ya matso, har saiwar aduwa ta fara leƙowa ta gefe. Ya daɗe yana duba ciki, ya ce, "Kai Almu, wanga abu ka zauna kana kallo shekara da shekaru ba ka yi magana ba?"

Na ce, "Da wa za ni yi?"

Ran Juma'a bayan an sallame Tamu ya miƙe ya ce yana kiran gayya, amma gonar Almu za a fara. Na shiga uku, don kin san alwashina. Malam Hafizu ya ce ai ba ni na kira ba, kuma mutum in ya tahi gonarshi ba a ce ya je gayyar wani. Na ce ashe karatunshi na da amfani. Tamu kuma an ce ya yi kaffara, bai gaya min ba, ni ma ban tambaya ba.

Da kin ga ranar. Amalanke na shiga na fita, mai ganga na zuga samari, mata na jidar ruwa suna yi muna dariya. Har Fulanin da ke zaune bayan gari sunka zo da shanun ja, sun ce in gamba ta kama su ma sun samu. Anka ciko tiyo, anka ce wa zai riƙe. Na kama baki ɗaya, don nawa ne. Tamu ya kama ɗayan, don wai shi ya kira gayya. Yini munka yi, yana can ina nan.

"Ɗaga, tsohon banza."

"Ni na ɗaga, kai ne hannunka ke rawa."

"Sandarka ta karkace kamar maganarka."

Sau biyu ya zubar da ruwan ya ce ni ne. Haka munka auna gonata da tashi, ana bin mu da duwatsu. Mas'ud kuwa shi ya shiga cikin ramin, manyan duwatsun katanga duk shi ya aza. Tuwon Tamu gishiri ya yi kaɗan, na kuwa faɗa mashi.

An dasa gamba. Saura babban ruwan tsakiyar damina, shi ne alƙali. Ki sa mu addu'a.

Mijinki, Almu.

*

Jandutsi, kaka

Zuwa ga Ni'ima jikar Halimatu.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lahiya ke da maigidanki. Mu nan sai godiya, ana ta yankan gero, gari duk ƙamshin tumu. Gwiwa ta yi shiru tunda ruwa ya ɗauke.

Babban ruwan ya zo, bai kuwa zo da wasa ba. Rana guda tun hantsi yake zuba har la'asar, ina zaure ina jin rugugi, ban iya cin komi ba. Da ya tsagaita na ɗauki sanda. Kafin in kai na ishe Mas'ud can, laka har cinya. Katanga ɗaya ta faɗi, yana ta da ita shi kaɗai, ba wanda ya aike shi. Ya ɗago ya ce, "Baba, tsaya nan kada ka zame. Bai matsa ba."

Bai matsa ba, Ni'ima. Har damina ta fita bakin ramin na nan inda munka danne shi. Ban ce ya cike ba, kada ki ji an ce na yi ƙarya. Amma inda ya kai min ƙirji yanzu ƙugu yake kai min, bayan kowace katanga ƙasa ta kwanta lumui. Matar Mas'ud ta jefa 'ya'yan kabewa ciki don gwaji, yanzu sai mun raba wa maƙwabta. Gamba ta fi ni tsawo. Sabarar da anka ce lalaci ya sa na bari, awaki na kwana inuwarta.

Mai tifa ya zo ranar kasuwa. Ina daga ciki ina jin su. Mas'ud ya ce mashi, "Alhaji, yashin ya shige ƙarƙashin kabewa, sai haƙuri." Ya raka shi har mota, ya sa mashi kabewa biyu. Daga nan bai sake ce min komi ba a kan sayarwa, ni ma ban ce na yi nasara ba. Sau ɗaya dai na faɗi, da muna cin tuwo.

Yanzu ga abin da ya sa na kira Malam Hafizu da sassafe. Mutane na zuwa kallo. Na Jiga Birni sun zo, na Andarai sun zo har da mai unguwarsu, suna son a je a nuna musu awon tiyo kafin baɗi. Kin san abin da suke tambaya in sun shigo gari? Ina hanyar jeren Tamu. Jeren Tamu. Mai gangar nan ma ya sa shi cikin kiɗa, yara na bi. Ni da na yi rani ina jida da jaki, ni anka kai gaban mai gari, ni anka yi wa dariya. Na tare Tamu da maganar, ya ce shi bai sa kowa ba, amma in mutum ya kira gayya ai dole a san shi. Yana faɗi yana dariya da bakin nan nashi da ba haƙora.

Andarai za mu tahi tare bayan an gama sussuka, don na ce tiyo ba ya zuwa ko'ina sai da ni, shi kuma ya ce ba mai iya riƙe ɗaya bakin sai shi. Ya samu, don na gwada da Mas'ud, yaron ba ya gardama, aikin ba ya daɗi.

Kin ce bayan damina kina da hutu. Damina ta wuce. Ki zo ki tsaya ƙofar masallaci ki gaya wa garin nan wanda ya fara aza dutse, ke ce shaida. In kin iso kada ki neme ni gida, ki biyo ta gona. Tamu ya ce layinshi na sama ya fi nawa kwanciya daidai, na ce ƙarya yake, mun aje gobe za mu auna.

Naki, Almu, mai jeren.